Motar Wasa ta Dala Ɗari a Barandar Lise: Nazarin Inda Makamashin Sifirin Yake Tafiya

A tsakiyar watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama a Maradi har ƙura take kwana a kan teburan aji, wata ƴar motar wasan yara ta tsayar mini da darasi na tsawon mako biyu. Ina koyar da fizik a wata lise, wato babbar makarantar sakandare, ta cikin gari, kuma a lokacin muna kan babin aiki da makamashi tare da ƴan ajin firamiye, aji na biyu na lise. Na rubuta wannan nazari ne domin abokan aikina malamai, saboda abin da ya faru ya nuna mini tazarar da ke tsakanin sifirin, wato ƙarfen nan da yake komawa yadda yake idan an matse shi ko an miƙe shi, da muke zanawa a allo da wanda yake naɗe a cikin abin da yaro yake riƙewa a hannunsa.

Motar irin wadda ake ja da baya ce, a sake ta, ta ruga gaba. Wani ɗalibi ne ya sayo wa ƙanensa ita a babbar kasuwa a kan dala ɗari, wato sefa 500, ya shigo da ita aji a aljihu. Da na gama rubuta dokar Hooke a allo, sai ya ɗaga hannu, ya kira ni Mushe kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, ya ce, "Mushe, idan na ninka nisan da nake jan wannan motar da baya, sau nawa tafiyarta za ta ninku?" Tambayar ta raba ajin gida biyu nan take. Mafi yawansu suka ce sau biyu, domin abin da hankali ya fi saurin karɓa ke nan. Waɗanda suka fi riƙe lissafi kuwa suka ce sau huɗu, hujjarsu kuma tana nan a allo: Robert Hooke, masanin Ingila, ya bayyana a 1678 cewa ƙarfin da sifirin yake mayarwa yana ƙaruwa daidai da yadda aka miƙe shi ko aka matse shi, daga nan ne kuma ake fitar da cewa makamashin da aka ajiye a cikinsa shi ne ½kx², inda x yake nufin yawan matsawar, k kuma taurin sifirin. Tun da x ana ninka shi da kansa, biyu za ta koma huɗu. Ni ma a wannan rana ina tare da ƴan huɗu, kuma na faɗa musu haka.

Kafin mu fita gwaji sai da muka warware wata matsala ta harshe. Da Faransanci muke karatu, amma da zarar gardama ta yi zafi yara Hausa suke komawa, a Hausar yau da kullum kuwa kalmar ƙarfi ta haɗiye komai: motar tana da ƙarfi, ƙarfinta ya ƙare, an ba ta ƙarfi. Muka ɗauki misalin mai jan ruwa a rijiya. Nauyin gugan da yake ji a hannunsa shi ne ƙarfi, ana auna shi da niyuton. Wannan ƙarfi idan aka ninka shi da zurfin rijiyar shi ne aikin da ya yi, ana auna shi da jul. Gugan da ya iso bakin rijiya yana ɗauke da wannan aikin a ajiye, domin in igiya ta suɓuce zai mayar da shi gaba ɗaya a hanyarsa ta komawa ƙasa, wannan ajiyar ita muka amince mu riƙa kira makamashi. Rabin sa'a muka kashe a kan wannan, kuma ina ganin duk abin da ya biyo baya a kansa ya tsaya.

A barandar ajin muka yi gwajin, kan daɓen siminti, da mitar magina da alli. Mun auna motar a sikelin ɗakin gwaji, ta ba da giram 50. Kowane ja sai mun maimaita shi sau biyar kafin mu ɗauki matsakaici, kuma duk tafiyar da motar ta karkace ta bugi bango mun soke ta. Da aka ja ta santimita 10, ta yi tafiyar mita 1. Da aka ja ta santimita 20, ta yi mita 2.8. Da aka ja ta santimita 30, ta yi mita 4.6. Daga wajen santimita 35 sai ta fara ƙara ƙas-ƙas-ƙas a hannun mai ja, daga nan kuma ko an kai ta santimita 50 tafiyarta ba ta ƙaruwa.

Babu ɓangaren da ya ci gardamar. Ƴan biyu sun sa ran mita 2 da mita 3, ƴan huɗu sun sa ran mita 4 da mita 9, abin da alli ya nuna a ƙasa kuma ya faɗa tsakani. Wasu suka fara cewa motar jabu ce, kayan China ne marasa inganci, a kawo wata. Na hana, domin sakamakon yana maimaita kansa a kowane gwaji da bambancin da bai wuce tafin hannu ba, abin da yake maimaita kansa haka kuwa yana bin wata ƙa'ida ko da ba mu gano ta ba tukuna. Wannan shi ne wurin da malami ya fi fuskantar jarraba, saboda abu ne mai sauƙi ya ce "gogayya ce" ya rufe maganar ya koma kan manhaja. Amma gogayyar taya da ƙasa kusan ɗaya take a kowace mita ta tafiya, saboda haka tana rage nisan duka gwaje-gwajen ne da kaso guda, ba za ta iya mayar da huɗu ta zama 2.8 ba.

Wata ɗaliba da take zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ita ta kawo dabarar da ta buɗe mana hanya. Ta ce mu daina tambayar motar nisan da take tafiya, mu tambaye ta ƙarfin da take buƙata kafin tayarta ta juya baya. Ba mu da ma'aunin ƙarfi mai laushin da zai iya wannan, sai muka ƙirƙiri namu. Muka kifar da motar a bakin tebur, ɗalibi ɗaya ya danne ta, muka naɗa zaren ɗinki a tayar baya zagaye biyar, muka ɗaura ƴar leda a ƙarshen zaren. Ma'aunanmu su ne tsabar dala ashirin, wato sefa 100, wadda kowace take da nauyin giram 7, abin da ya yi daidai da niyuton 0.07. Sai da aka bi aji layi-layi ana karɓar kuɗin ƙosai da na kabu-kabu, ana rubuta sunan kowa a allo, kafin muka tara guda 25. Ana jefa su cikin ledar ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi tsit yana kallon tayar.

Tsaba ta farko ta shiga, taya ba ta motsa ba. Ta biyu da ta uku ma haka. Sai a ta huɗu tayar ta fara juyawa a hankali. Daga nan ƙarfin da ake buƙata ya riƙa hawa a tsare: tsaba 10 a lokacin da zare ya warware santimita 10, tsaba 16 a santimita 20, tsaba 22 a santimita 30. Kowace santimita goma tana neman ƙarin tsaba shida, babu ƙari babu ragi, wannan kuwa ita ce dokar Hooke tsantsa. Abin da ya saɓa wa zanenmu na allo shi ne mafarin. Layin da muke zanawa daga sifiri yake tashi, na wannan motar kuma daga huɗu ya tashi.

Da muka gane wannan, lissafin ya zama mai sauƙi. Aikin da aka yi wajen ja shi ne matsakaicin ƙarfi a ninka shi da nisa. A ja na farko ƙarfin ya tashi daga 4 zuwa 10, matsakaicinsa 7, nisa kashi ɗaya, jimla 7. A na biyu ya tashi daga 4 zuwa 16, matsakaici 10, nisa kashi biyu, jimla 20. A na uku daga 4 zuwa 22, matsakaici 13, nisa kashi uku, jimla 39. Idan aka raba 20 da 7 ana samun kusan 2.9, mu kuwa 2.8 muka auna a baranda. Ɗalibin da ya fara yin rabon a bayan littafinsa ya miƙe tsaye bai sani ba. Sai dai 39 a raba da 7 tana ba da kusan 5.6, alhali mita 4.6 muka gani, saboda haka tambayoyi biyu suka rage mana: daga ina waɗannan tsaba huɗu na farko suka fito, kuma ina mita guda ta ɓace a ja na uku?

Tambaya ta farko na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran agogo da yake zama a rumfa a gefen kasuwa, da akwatinsa na gilashi cike da agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba. Na ce, "Baba, ina so ka buɗe mini wannan ba tare da ta lalace ba." Ya juya ta, ya ja ta da baya a tafin hannunsa yana saurare, sannan ya sa ƴar ƙaramar sukudireba ya ɓalle akwatin giyar da ke tsakanin tayoyin baya. A ciki akwai ƙafafun haƙora na roba farare, mafi girmansu bai kai farcen babban yatsa ba, da wani ɗan gwangwani mai faɗi kamar murfin kwalba. Da ya ɗaga murfinsa sai ga sifirin, wanda shi yake kira rasor kamar yadda makanikan garin nan suke faɗa: siririn ƙarfe mai faɗi kamar zaren kaset, a naɗe kamar gammo. Ya ce, "Mushe, duba nan. Ko ba a ja ta ba, a matse yake. Ba a sa rasor a gidansa yana kwance." Ya ɗan saki yatsansa kaɗan, sai bakin ƙarfen ya yi tsalle ya buɗe ya fi gidan nasa faɗi nesa ba kusa ba, da ƙyar ya lallaɓa ya mayar da shi.

Amsar ke nan. Tun daga masana'anta an riga an naɗe sifirin an cusa shi a gidan da ya fi shi ƙanƙanta, saboda haka wurin da mai wasa yake fara ja ba shi ne wurin hutun sifirin ba. Wani ɓangare na tsaba huɗun nan gogayyar haƙoran giya ce, amma sauran wannan matsin farko ne. A lissafi, makamashin da aka ƙara ya zama kashi biyu a haɗe: kashi ɗaya yana tafiya daidai da nisan ja, shi ne na matsin farko, ɗayan kuma yana tafiya da nisan a ninke da kansa, shi ne ½kx² na littafi. Ƴan biyu kashi na farko kawai suka gani, ƴan huɗu kuma na biyu. Masu ƙera agogo a Turai sun san wannan hali tun ƙarni na 15 da aka fara sa irin wannan sifirin a agogo, domin agogon yakan yi sauri idan an ba shi wani, wato an naɗe sifirinsa, sabo-sabo, ya riƙa jan ƙafa idan wanin ya kusa ƙarewa. Maganin da suka yi amfani da shi na ƙarnoni shi ne wani ƙarfe mai siffar mazurari da ake naɗa igiya ko sarƙa a kansa, sifirin yana jan siririn gefen lokacin da yake da ƙarfi, yana jan mai kaurin lokacin da ya raunana. Ita motar wasa ba ta buƙatar daidaito irin na agogo, abin da ake nema daga matsin farkon nata shi ne kada turawarta ta mutu murus kafin sifirin ya gama warwarewa.

Dattijon ya nuna mini abubuwa biyu kuma da ba su cikin tambayata. Na farko, bakin sifirin na waje ba a manne yake da gidansa ba, an lanƙwasa shi ne ya maƙale a ɗaya daga cikin wasu ƴan ramuka da ke kewaye da bangon gidan. Idan matsi ya kai iyaka sai ya zame ya faɗa rami na gaba, wannan ce ƙarar ƙas-ƙas da muke ji bayan santimita 35. An yi haka ne don kada yaro ya tsinka ƙarfen, kuma duk aikin da hannu ya yi bayan an fara jin ƙarar ba ya shiga ajiya, ƙara da ɗumi yake zama. Na biyu, hanyar da juyawa take bi a cikin giyar idan ana ja da baya dabam take da wadda take bi idan an saki motar. Akwai ƴar ƙafar haƙora da sandarta take zamewa a cikin wani tsagi, tana kamawa a juyi ɗaya tana saki a ɗayan. Hanyar komawa an tsara ta yadda zagaye ɗaya na sifirin zai juya taya sau da yawa, shi ya sa jan santimita 30 yake iya tura mota nisan da ya fi haka sau da dama, kuma idan sifirin ya gama warwarewa giyar takan saki tayoyin su ci gaba da gungurawa da kansu. Irin wannan inji ya yi suna ne da motocin Darda na ƙasar Jamus tun daga 1970, a lokacin gwajinmu kuma ga shi a tiren ƴan koli a kan dala ɗari.

Tambaya ta biyu a baranda muka amsa ta, da wayar salula. Muka ɗauki hoton bidiyo na tashin motar a ja na uku, muka kalle shi a hankali, sai ga tayoyin baya suna juyawa a wuri ɗaya na ɗan lokaci, ƙura tana tashi a bayansu, kafin motar ta kama ƙasa. A santimita 30 ƙarfin sifirin ya fi abin da taya za ta iya riƙewa a kan simintin da garin ƙurar hunturu ya lulluɓe, duk zagayen da taya ta yi a banza kuwa sifirin warwarewa yake yi ba tare da motar ta amfana ba. Muka share barandar, muka goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, muka goge robar tayoyin, muka jira ta bushe. Tafiyar ta tashi daga mita 4.6 zuwa 5.2, ja na farko da na biyu kuwa kusan ba su canja ba, domin su dama tayarsu ba ta zamewa. Wannan ya koya wa ɗaliban abin da na sha faɗa da baki bai zauna ba, wato gogayya iri biyu ce a jikin motar: wadda take riƙe taya da ƙasa, in babu ita babu tafiya, da wadda take cikin giya da sandar taya, mai cinye ajiyar.

Ya rage mu san yawan makamashin a jul. Muka jingina wani katako a kan littattafai har tsayinsa ya kai santimita 10, muka saki motar daga sama ba tare da an ba ta wani ba. Makamashin da take da shi a can sama shi ne nauyinta a kilo, 0.05, a ninka da 9.8, a ninka da mita 0.1, wato kusan jul 0.05. Ta gungura mita 2 daga inda ta taso kafin ta tsaya, ke nan kowace mita ta wannan daɓen tana cin jul 0.025. Tafiyar mita 5.2 ta ci jul 0.13. Abin da hannu ya zuba kuwa shi ne matsakaicin tsaba 13, wato niyuton 0.9, a ninka da mita 0.3, jul 0.27. Kusan rabi ne kawai ya isa ƙasa a matsayin tafiya, sauran ya tsaya a haƙoran giya wajen shiga da wajen fita, da kuma gugar da zagayen sifirin suke yi wa juna yayin da suke warwarewa. Daga ½mv², lissafin makamashin gudu inda m yake nufin nauyi a kilo, v kuma sauri, muka ga cewa ko da jul 0.13 ɗin nan ya zama gudu gaba ɗaya a lokaci guda, motar ba za ta wuce mita 2.3 a daƙiƙa ba, kimanin kilomita 8 a sa'a, duk da cewa a ido kamar walƙiya take.

Wani ɗalibi ya ƙi yarda cewa makamashin ɗumi ya zama, ya taɓa akwatin giyar bayan tsere ya ce sanyi ƙalau yake ji. Ƙin yardarsa tana kan hanya, kuma amsarta tana cikin aikin James Joule, wanda a shekarun 1840 a Manchester ya riƙa juya fulafulai a cikin ruwa ta hanyar sakin nauyi yana auna ɗumin da ruwan ya ƙara. Ana buƙatar kusan jul 4.2 kafin giram ɗaya na ruwa ya ƙara digiri ɗaya. Dukan jul 0.27 da muka zuba, ko da an tattara shi a giram ɗaya na ruwa, ba zai ɗaga shi da kashi ɗaya cikin goma na digiri ba, balle a ce ya watsu a giya da tayoyi da mita biyar na siminti. Fatar yatsa ba ta jin wannan. Na sa shi ya lanƙwasa wata ƴar waya gaba da baya sau talatin da sauri ya ɗora a leɓensa, a nan ya ji ɗumin da yake nema.

Gwaji biyu na ƙarshe ɗaliban ne suka nema. Suka manna tsaba biyu a rufin motar, nauyinta ya koma giram 64, suka ja ta santimita 10, ta tsaya a wajen santimita 80 maimakon mita guda, wanda ya yi daidai da 50 a raba da 64, domin gogayyar gungurawa tana ƙaruwa da nauyi alhali ajiyar sifirin tana nan yadda take. Sannan suka sauke ta daga baranda zuwa rairayin tsakar makaranta suka ba ta cikakken wani. Ba ta yi taƙi ɗaya ba ta nutse, tayoyinta masu faɗin santimita biyu suka haƙa wa kansu rami, sifirin ya ƙare a cikin watsa yashi. Babu wanda ya nemi bayani a nan, domin duk wanda ya taɓa ganin amalanke ɗauke da buhunan gero ta kafe a rairayin unguwannin da ba a shimfiɗa wa hanya ba ya san cewa taya a yashi kullum tudun da ita kanta ta tara a gabanta take ƙoƙarin hawa.

Da na koma kan babin a mako na uku, na canja yadda nake gabatar da shi. Yanzu layi biyu nake zanawa a allo, ɗaya daga sifiri ɗaya daga sama da sifiri, in sa ɗalibai su ƙirga filin da ke ƙarƙashin kowanne kafin in rubuta ½kx², kuma ina faɗa musu a fili cewa x ana auna shi ne daga wurin da sifirin yake hutawa, ba daga wurin da hannu ya fara ja ba. An mayar wa kowa tsabarsa bisa sunayen da ke allo, motar kuma ta koma hannun ƙanen mai ita da akwatin giyarta a ɗaure da zare, saboda ɗaya daga cikin ƴan maƙallan robar ya karye a wajen buɗewa. Ɗalibar nan ta layin baya ta riga ta kawo wata motar da yayanta ya ƙera da waya da murafun kwalba, wadda ake naɗa robar tsohon tub a sandar tayarta, tana so mu rataya mata tsaba mu ga ko ita ma ƙarinta shida-shida zai riƙa hawa, ko kuwa roba tana da nata halin dabam da na ƙarfe. Mun sa ranar Laraba da yamma, bayan an share baranda.